Hancin Baba Arzika

Jiya ina zaune nan bakin rumfa na ga yadda ɗayanku ya yi da murhun mai gidan abincin tasha. Ko durƙusawa bai yi ba. Ya kwance ƙarfen da ke tsare gaz, ya jefa shi cikin kwali, ya ɗaura sabo, ya ƙyasta ashana, wuta ta kama, ya kaɗe hannu ya ce an gama. Na tambaye shi me ya sami tsohon ƙarfen, ya ce, "Ya mutu, Baba." Na ce, me ya kashe shi? Sai ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakan kakansa. To ku matso, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kowa ya iya sa wuta ta kama. Mu abin da aka koya mana shi ne abin da ke faruwa bayan ta mutu.

Ni a hannun Maigida Namata na koyi aikin nan, a nan Dogon Dutsi, zamanin Anasara. Tsohon soja ne, a can ya saba da ƙarfe. Da ya dawo gida ya kafa rumfa kusa da kasuwa, yana gyaran fitilun famfo, da risho, da firjin kananzir na gidan likita da na kantuna. Kayan aikinsa duka jakar fata guda ce: kile na kwance ƙusa babba da ƙarama, turnabis na murɗa noti da ya sake wa ƙota da hannunsa, allurar buɗe idon fitila, guntun sabulu, da gashin zabo. Da gashin nan ake shafa kumfar sabulu a kan mahaɗa, inda duk ta yi ƙwai, nan ne ke yoyo. Ashana kuwa a aljihun ciki take zama, kuma na daɗe ina bin sa kafin ya yarda in riƙe ta. In na shiga ɗaki na miƙa hannu wajen kile, sai ya ja mini kunne ya ce, "Kai, hanci ad da farko. Shaƙa tukun."

Da tukwanen gaz suka fara zuwa cikin kamyo, manyan motocin kaya, ta hanyar Dosso, ba su fi a ƙirga masu su da yatsu ba: gidan kumandan, wani kanti, sai kamfama, wato masaukin baƙin da ke bakin babbar hanya. Ranar da Maigida ya fara buɗe irin wannan murhu a gabana, ya ciro wani ɗan ƙarfe ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce sunansa na Faransanci ba zai amfane ni ba, mu kira shi mai gadi. Haka muke kiran sa har yau, kuma har na zamani da ke aiki da lantarkin bango jikokinsa ne.

Ga yadda yake. Akwai sandan ƙarfe siriri kamar tsinken tsire, kansa yana cikin harshen wuta, jelarsa wayar jan ƙarfe ce. In kan ya yi zafi, sai ya haifi ɗan lantarki kaɗan, wanda ko ƙuda ba zai girgiza ba. Lantarkin ya bi wayar zuwa wani ɗan naɗi, naɗin ya zama mayen ƙarfe, ya riƙe ƙofar gaz a buɗe. Shi ya sa in za ka kunna sai ka danne maɓalli, ka jira kan ya ɗau zafi, sannan ka saki. In wuta ta mutu, kan ya huce, mayen ƙarfe ya saki, wani ɗan murɗaɗɗen ƙarfe ya tura ƙofar ta rufe. Kana jin ta da kunnenka: ƙas. Maigida ya ce in hure wutar, in karanta Fatiha a zuci, in bi ta da Ƙulhuwallahu. In na shafa ban ji ƙas ba, kada in bar gidan.

Mai gadi ciwo biyu gare shi. Akwai wanda ke ƙin buɗewa, ka saki maɓalli wuta ta mutu. Wannan shi ke sa a aiko maka da gaggawa, ana zagin ka ana zagin murhu, alhali ba ya kashe kowa. Sau da yawa ma ƙulli ne ya saki, ko kan sandan ya kauce daga wuta, ka ɗan murɗa ka karɓi godiya. Akwai kuma wanda ke ƙin rufewa. Wannan ba wanda zai kawo maka ƙararsa, don masu gida yabon sa suke yi.

Aikin da na fi tunawa a kamfama na yi shi, a shekarar da ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fid da kai. Shekarar nan ta ba mu kashi. Wanda ba shi da hatsi ba ya gyaran fitila, sayar da ita yake yi. Mutanen ƙauyukan Kiyeshe da Ɗan Kasari suka yi ta shigowa gari da 'yan ƙunshinsu, kowa na neman dangin da zai raɓa. Maigida Namata ya ga rumfa ba za ta riƙe mu biyu ba, ya tafi Dosso neman aikin gareji, ya bar mini jakar da ashanar. Lokacin na riga na yi aure, ina cin gashin kaina.

Mai kamfama wata Anasara ce, kowa Madam yake ce mata. Mijinta mai motocin dako ne, ya rasu ya bar ta da wurin, ta daɗe a ƙasar har tana ciniki da Hausa a kasuwa ba mai cutar ta. Ba muguwa ba ce, amma idonta na kan kayanta. Kukunta kuwa Baba Arzika ne, dattijo gajere mai tsafta, wanda ya yi shekaru yana dafa wa Anasara abinci da itace kafin a kawo masa murhun gaz. Direbobin kamyo saboda miyarsa suke kwana a garin nan maimakon su wuce. A wannan shekara gidansa ya cika da 'yan'uwa daga ƙauye, mata da yara, duk albashinsa suke ci, da ɗan ƙanzon da Madam ke barin sa ya tafi da shi.

Madam ta aiko aka kira ni da hantsi. Ba ta ce murhu ya lalace ba. Ta ce tukunyar gaz da ke daɗewa yanzu ba ta jimawa take ƙarewa, ga shi sai kamyo ya zo ake samun wata. Ta kai ni bayan ɗakinta ta nuna mini wata tsohuwa zaune gindin itacen bedi a bayan katangar madafa, tana kaɗi.

"Matar kukuna ce," in ji ta. "Kullum tana nan. Kullum ina ganinsa yana fita da kwano wurinta, nama, madara, komai. Na san akwai yunwa, ban hana shi saura ba. Amma in da gaz ɗina yake dafa wa gidansa, zai tafi. Akwai wani yaro ɗan Dahome da ke neman aikin. Duba mini murhun. In lafiyarsa lau, na san abin da zan yi."

Wato in na ce murhu ba shi da laifi, Baba Arzika ya rasa aiki a tsakiyar yunwa. Da wannan nauyin na nufi madafa.

Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni, irin na ruɓaɓɓiyar albasa, mai kama maƙoshi. Baba yana ciki yana 'yar waƙarsa. Ya buɗe tandar burodi da ke ƙasan murhu, ya leƙa, ya ce, "Af, ta mutu kuma," ya sa hannu a aljihu ya ciro ashana. Ban san lokacin da na tsallake ɗakin ba. Na kama wuyan hannunsa da ƙarfi har kwalin ya faɗi.

"Subhanallahi! Ummaru, mi ya hwaru? Ko gaisuwa babu?"

"Baba, mu hita waje. Yanzu."

Na rufe tukunyar, na buɗe taga da ƙofar baya. Gaz ɗin tukunya nauyi gare shi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake kwanciya. Na ɗauki tabarma na yi ta kaɗa shi waje kamar mai korar kaji, har warin ya ragu. Da na fito na same shi tsaye cikin rana, sai na lura ba shi da gashin gira, duk ya ƙone.

Na ce, "Baba, ba ka ji wari ba?"

Ya ce, "Warin mi?"

Da ya faɗi haka ya gane ya faɗi. Ya dubi ƙasa. Matarsa, Inna Kulu, ta ajiye mazarinta ta taso, ta tsaya kusa da shi. Can ya ce mu koma inuwa. A gindin bedin nan ya gaya mini cewa wani zazzaɓi da ya kwantar da shi bara waccan ya tafi da hancinsa. Tun daga nan bai ƙara jin ƙamshi ko wari ba, har na hayaƙi.

"To yaya kake dahuwa?" na tambaye shi.

Ya nuna Inna da haɓa. "Ga hancina nan zaune."

Ashe kwanon da Madam ke gani ba abinci yake kai mata ba. Nama in an kawo daga kasuwa, sai ya fito da shi ta sansana ta ce na yau ne ko ya kwana. Madarar Fulani ita ke faɗin ko ta fara juyawa. Miya in ta yi nisa, ya ɗebo a ludayi ya zagayo, ta ce saura kaɗan, ko ta ce ta fara kamu, maza ka koma. Sauran kuma kunnensa da idonsa da harshensa ke yi, yana gane albasa ta soyu daga kukan mai. Duk tsawon lokacin nan ba baƙon da ya maido da faranti. Ta bar tuyar ƙosanta ta dawo gindin itace don kada a sani, saboda ba wanda zai riƙe kuku marar hanci. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, ya kuma ba ni tsoro, don daga bayan katanga ba ta iya jin warin gaz.

Na koma kan murhu, Baba na biye da ni. Na kaɗa sabulu na bi tiyo da mahaɗa da gashin zabo, tun daga wuyan tukunya har gindin murhu. Ko ƙwai ɗaya bai tashi ba, ke nan ba yoyo a hanya. Na jira ɗakin ya sha iska sosai, na buɗe tukunya, na danna maɓallin tanda na kunna. Da gangan na saki maɓallin nan take, ban jira kan sandan ya yi zafi ba. Lafiyayyen mai gadi zai kashe wutar. Wannan ya bar ta tana ci.

Fuskar Baba ta washe. "Ka gani? Da can sai ka danne shi hal yatsa ya gaji. Yanzu ya yi ladabi. Ni nag gyara shi."

 Na hure wutar, na kai kunne, na karanta Fatiha, na bi da Ƙulhuwallahu, na sake maimaitawa. Ba ƙas. Sai wani siririn huci kawai da ba za ka ji ba in ana daka a waje. Ke nan duk lokacin da iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta kashe wutar tanda, gaz zuba yake yi har sai Baba ya leƙa ya ga burodi bai yi ja ba. Nan tukwanen Madam ke tafiya, nan kuma girarsa ta tafi.

Na rufe tukunya, na sa kile na kwance mai gadin. Ko kafin in fito da cikinsa yatsuna suka fara mannewa. Ɗan ƙarfen da ya kamata ya riƙa shiga yana fita ya daskare cikin wani baƙin danƙo kamar ƙaro, robar bakin ƙofar kuma ta kumbura. Na kai hanci. Man gyaɗa ne da ya sha zafi ya tsufa.

"Baba, me ka sa masa?"

"Man gujiya mana. Ya yi tauri, yana kuka in an danna. Komi ya yi tauri, ɗana, mai shika so."

Ya miƙa hannu saman taga ya sauko da wani ɗan kasko da gashin kaza a ciki. Duk Juma'a bayan ya wanke madafa, sai ya tsoma gashin ya ɗiga wa maɓallin mai, kamar yadda yake yi wa ƙyauren ƙofa, da takalminsa na fata, da ƙafafun jikokinsa in sun yi kaushi. Ban iya yi masa faɗa ba, ni da na gaji faɗa wurin Maigida. Mutumin nan kula ya yi da murhun yadda ya san ana kula da abu. Na ce masa wannan ƙarfen shi kaɗai ne a gidan da ba ya son alheri, a bar shi da taurinsa.

Na wanke cikin da isansin mota, wato fetur, na goge, na shanya a rana a kan faifai. Robar ba ta gyaruwa, amma a gindin jakar Maigida akwai gwangwanin da yake tara 'yan tarkacen matattun kaya, wanda na sha yi masa dariya a kai. A ciki na sami wadda ta yi daidai. Na mayar, na ɗaure, na sake bin mahaɗa da kumfa. Na kunna, na danne har ya kama, na bar shi ya ci, sannan na ce wa Baba ya hure da bakinsa ya saurara. Muka yi tsit. Ban kai ƙarshen Ƙulhuwallahu ba sai ga shi, ƙas.

"Na ji shi!" in ji Baba, kamar yaron da aka ba sabuwar riga. Ya sa na sake, muka sake ji.

Saura Madam. Zancen gaz mai sauƙi ne, zan ce mai gadi ne ya maƙale, ba sata ba ce. Amma hancin fa? Mai gadi yana tsare tanda, ba ya tsare tiyon da ɓera ya ci, ko tukunyar da ba a ɗaure da kyau ba. Akwai baƙi da ke kwana jikin bangon nan. Na gaya wa Baba a gaban Inna cewa ba zan iya tafiya in bar shi shi kaɗai da gaz ba, kuma ba zan iya yi wa Madam ƙarya ba in ta tambaye ni ko wurin ya aminta.  Na san abin da yake gani, gidansa cike da bakuna.

Inna Kulu ce ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta ɗauki mazarinta da tabarmarta, ta ce, "Malam, tashi mu tahi. Ɓoyon ya isa hakanan. Ni na gaji da zaman bayan katanga, tururuwa ta cinye ni."

Ita ta shige gaba. Na nuna wa Madam tsohuwar robar da danƙon da ke jikinta, na ba ta labarin gaz ɗinta. Inna ta ba ta sauran, a tsaye, ba kwana-kwana. Madam ta dubi Baba da girarsa ta ƙone, ta daɗe tana dubansa.

"Tun bara waccan?" ta ce. "Har miyar da kumandan ya yaba?"

Inna ta ce, "Wannan ni nac ce a ƙara mata citta."

Dariya ta ƙwace wa Madam, ta toshe baki, sai kuma na ga ta juya tana share ido. Ta juyo gare ni ta ce, in tsohuwar tana cikin madafa, wurin ya aminta? Na ce in tana ciki tun kafin a buɗe tukunya, kuma ana gwada mai gadi kowace safiya, ni zan iya kwana jikin bangon. Ta ce to shi ke nan. Albashi ɗaya ne, ba ta da na biyu a irin wannan shekara, amma Inna za ta ci daga tukunya, kuma sauran da ake kai gida a ƙara masa. Kaskon mai kuwa ta ce a fitar mata da shi daga madafa.

Daga ranar tabarmar Inna ta koma bakin ƙofar madafa daga ciki. In na biyo da safe duba firji, sai in tarar da su a kan al'adarsu. Ita za ta fara shiga, ta durƙusa da ƙyar ta shaƙa kusa da ƙasa, ta ce, "Lahiya lau, Malam." Sannan ya kunna tanda, ya bar ta ta ci, ya hure. Su biyun su karkatar da kai gefe guda suna jira. In ya yi ƙas, ya ce alhamdu lillahi, ya ɗora ruwan kofi. Yunwa ta wuce, 'yan'uwa suka koma gonakinsu da damina, ba a binne ko yaro ɗaya daga gidan ba. Suka ci gaba da haka shekara da shekaru, har bayan Anasara sun sauke tutarsu.

Wata damina Inna Kulu ta kwanta, ba ta tashi ba. Na je jana'iza, na yi zaman makoki tare da su. Bayan an share makoki, da hantsi, ina rumfa ina fama da wata fitila, sai ga Baba Arzika da sandarsa, a lokacin da ya kamata a ce yana kan miyar rana. Na shimfiɗa masa buzu, na ce lafiya, ko murhun ne?

Ya ce murhu lafiyarsa lau. Ya je da safe kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a ce masa ya shiga. Da ya ga tsayuwar ta yi yawa, ya zagaya ya tabbatar tukunya a rufe take, ya kai wa Madam kwalin ashana. Ta roƙe shi ya zauna, ta ce za ta samo wanda zai riƙa shaƙa masa. Ya yi mata godiya ya fito.

Na ce, "Baba, ai da ka yarda. Ko cikin jikokinka sai a sami wani."

Ya girgiza kai, ya ɗora haɓa a kan sandarsa.

"A'a, Ummaru," ya ce. "Wancan karon zazzaɓi ya ɗauke mini hanci, Allah Ya ba ni aro. Wanga karon da hannuna nas sa shi cikin ƙasa."